Wanda Ya Ce Azara Ta Ishe Shi Lada, Kada Ka Ba Shi Rushe Ɗakinka

Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, wake ya fara fita kasuwa. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Kiyeshe a makonnin nan zai tarar da samari a bakin tabki tun da sassafe suna buga tubali, suna rige-rige da rana kada ruwan ya ƙafe. Yawancin tubalin nan na maye gurbin ɗakunan da damina ta jiƙa ne, waɗanda suka tsage, waɗanda gindinsu ya cinye, waɗanda aka kwashe yara daga cikinsu tun watan Agusta aka koma kwana a rumfa. Kafin a ɗora sabo kuwa sai an sauke tsoho. A nan nake so mu tsaya, domin duk cikin harkar gini babu aikin da aka raina kamar rushewa, babu kuma wanda ya kai shi saurin kashe mutum.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar bangon da ya tsage a tsaye. Mun ga abin da daminar 2024 ta yi a nan Nijar. Tun kafin watan Satumba ya ƙare alƙaluman gwamnati suka nuna mamata sun haura 300, waɗanda abin ya shafa sun wuce miliyan ɗaya, kuma da yawa cikin waɗanda suka rasu ɗaki ne ya rufta musu. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda ajujuwa sun cika da waɗanda suka rasa muhalli. Tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, ya zube ranar 3 ga Satumba. Shekara guda kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya faɗo wa mutane ana sallar La'asar, alhali an ga tsaguwar tun jiyanta, ana shirin kawo masu dubawa. Ginin shahararren maginin nan Babban Gwani ke nan. In shi ya gaji, ina ga shigifar da kakanka ya yi da gayya? Bangon da ya karkata dole ya sauka, kuma bana. Maganata a kan wanda za a danƙa wa digar ce.

Mu a nan ba mu da kamfanin rushe gini mai ofis da allo. Abin da muke da shi maginin unguwa ne, da ƴan lebura, da samarin da ke neman kuɗin mota su tafi ci-rani. Sai kuma wani iri da kowa ya san shi, wanda yake zuwa da amalanke da yara uku. Zai shiga ɗakin, ba zai dubi bango ba, kansa zai ɗaga yana ƙirga azara da ido. Ya fito yana murmushi ya ce, “Alhaji, ba sai ka ba ni ko dala ba. Ka bar mini azarar da kwanon da ƙyauren, ni kuma in share maka wurin tas.” Maigida ya ji kamar an yi masa kyauta, ya ce Allah ya yi albarka, a fara gobe.

Mutumin nan ba wawa ba ne. Ya san abin da ya fi komai daraja a tsohon ɗaki ita ce azarar giginya. Daga can kudancin Dallol Mawri, wajen Gaya, inda dazukan giginya suke, aka saba kawo ta, kuma yau ma'aikatan gandun daji ba sa barin kowa ya sare yadda ya ga dama. Tsohuwar azara da ta sha hayaƙin shekara arba'in gara ba ta taɓa ta ba, ko a kasuwa sai an dace. To, ladansa yana sama, a cikin rufi. Da zarar azarar ta hau amalanke an gama biyansa. Abin da ya rage, wato bango huɗu da sauke su da kwashe ƙasarsu, aikin banza ne a wurinsa, kowace awa da ya ƙara asara ce. Mutumin da ka biya kafin ya taɓa sashen da ya fi haɗari, da me za ka riƙe shi?

Mutane ba sa lissafa nauyin ƙasa, saboda da ita muka tashi, da ita muke wasa tun muna yara. Ɗauki bango mai tsawon mita 4, tsayi mita 3, kauri santimita 40. Nauyinsa ya kai tan 8, kwatankwacin buhun gero tamanin masu kilo ɗari-ɗari. Rufin soro mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, in ƙasar da aka daɓe a kansa ta kai kaurin taƙi guda, nauyinta ya doshi tan 5. Kuma kowace shekara da aka yi masa yaɓe an ƙara masa kaya. Duk wannan lodi a kan azara yake, azarar kuma ita ke ɗaure bangon gabas da na yamma, tana hana kowanne bin inda ya ga dama. In ka zare ta, bangon ya zama maraya. Wanda gindinsa ya sha ruwa wata uku, ga shi a cikin dallol inda ruwan ƙasa yake kusa, ana iya ganin samansa ya bushe ƙayau, cikinsa kuwa har yanzu da danshi. Irin wannan ba ya sallama. Iskar hunturu ta dare ɗaya ta ishe shi.

Na ga wannan da idona a ƙauyenmu, a gidan ƙanen mahaifina. Shi ma mai amalanke ne ya zo masa. Na ce, “Baba, da ka kira maginin da ya yi zauren nan ya duba tukuna.” Ya ce, “Kai dai yaro ne. Rushe ɗaki har sai an kira gwani? Ko mahaukaci ya iya ɓarna.” Na yi shiru, ba a ja da babba a gaban baƙi. Kafin Azahar sun fasa rufin ta ciki, suna zungurar ƙasar da dagi tana zubo musu a ka, don kada su ɓata lokaci wajen hawa sama su kwashe ta. La'asar ta yi an ɗaure azara a amalanke. Suka ce gobe za su dawo. Gobe ba su zo ba, jibi ba su zo ba. Bango huɗu suka kwana uku a tsaye babu rufi, yaran gidan suna shiga suna wasan ɓuya a ciki. Rana ta huɗu, da Baba ya aika da magana mai zafi, sai mai amalanken ya turo yaransa biyu, shi bai zo ba. Suka yi abin da duk mai gaggawa ke yi, suka tsuguna suna sassaƙe gindin bangon baya da diga, wai in ya yi laushi su tura shi ciki. Bangon bai jira turi ba, kuma bai faɗa ciki ba. Ya kifa bayan gida, kan madafar maƙwabci. Matar gidan ta tashi ɗebo ruwa ke nan, ko ƙofa ba ta kai ba. Tukwanenta duka suka tafi, da tunkiyar da ake kiwo don Layya. Ɗaya daga cikin yaran, wanda bai fi shekara goma sha shida ba, ƙasar ta kama masa ƙafa ta karya.

Mai amalanke ba a sake ganinsa ba a kakar nan. Baba ne ya ɗauki yaron zuwa asibiti a Dutsi, shi ya biya magani, shi ya biya tunkiya, shi ya sake gina katangar maƙwabci. Da aka haɗa lissafi, ya ninka abin da magini zai karɓa sau da yawa, ga azarar ta tafi. Abin da ya fi kuɗin ciwo kuwa, gidajen biyu da suka shekara hamsin suna musayar tuwo sai da aka yi damina biyu mata ba sa shiga wa juna.

In kana tsammanin wannan halin ƙauye ne da rashin boko, ga labarin Filadalfiya, babban birni a Amurka. Ranar 5 ga Yuni 2013 ana rushe wani bene mai hawa huɗu a titin Market, sai bangonsa ya kifa kan shagon kayan gwanjo na ƙungiyar Salvation Army da ke jikinsa, ana tsakiyar ciniki. Mutum shida suka mutu nan take, fiye da goma suka jikkata. Abin da masu gabatar da ƙara suka nuna wa kotu shi ne, ɗan kwangilar, Griffin Campbell, ya karɓi aikin da araha, ya zare katakan da ke riƙe da benen don ya sayar, ya bar dogon bango tsaye babu abin da ya tokare shi, maimakon ya sauke ginin hawa-hawa daga sama. An yanke masa ɗaurin shekara 15 zuwa 30. Diyyar da aka daidaita a kanta a 2017 ta kai miliyan 227, na dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma mai ginin yana cikin waɗanda suka biya. Canza sunan katako ka sa azara, canza shagon gwanjo ka sa madafar maƙwabci, labarin Baba ne ba ragi.

To yaya za ka gane wanda ya san aikin? Hanya mafi sauƙi da na sani, ka kai shi gaban ɗakin ka ce masa, “Malam, ta ina za ka fara?” Sai ka kama bakinka. Kada ka taya shi. Wanda ya ce, “Haba Alhaji, wannan ai kafin Azahar mun gama,” ka yi masa godiya ka raka shi ƙofa. Wanda ya iya, ba zai amsa nan da nan ba. Zai zaga ɗakin ta waje, ya tsuguna ya taɓa gindin bango, ya bi tsaguwa da ido ya ga ko ta miƙe ko ta kwanta, ya nemi izini ya leƙa gidan da ke baya. Zai tambaye ka wa ya gina, yaushe, da kan wane bango azarar take. Sa'annan ya ce maka za a fara tokare rufin da gwafa ta ciki, kowa ya fita, a hau sama a kwashe ƙasar da shebur tun daga gefe, a ɗage zana da kara, a zare azara ɗaya-ɗaya da igiya. Daga nan a bi bangon daga kai, sahu-sahu, ana zagayawa, duka huɗun suna sauka tare, kada wani ya fi wani tsayi sosai. Ma'aikaci kuma a kan tsani ko dandamali zai tsaya, ba a kan bangon da yake sarewa ba. Wanda ya faɗa maka haka da bakinsa, ba tare da ka sa masa magana ba, ya taɓa ganin bango ya faɗi, kuma yana tsoronsa. Mai tsoron bango ake nema.

Ka tambaye shi gidan da ya yi irin wannan aiki bara, ka taka da ƙafarka ka je. Mai gidan zai iya yaba masa don kunya, ko don kada a ce ya yi zaɓen tumun dare. Maƙwabcin gidan za ka gaisa da shi, shi ya sha ƙura, shi ya san ko an bar masa tarin ƙasa a lungu har ruwa ya sake sauka. Ni a ganina, in da hali, maginin da zai ɗora maka sabon ɗakin shi ya kamata ya sauke tsohon. Yana da dalilin lallaɓa wurin, don shi zai yi fama da harsashin, kuma yana son tsohuwar ƙasar, wadda in aka jiƙa ta aka sake kwaɓawa ta fi sabuwa kama jiki. Bayan haka ɗan gari ne, ka san gidan ubansa, gobe a masallaci ɗaya za ku yi Asuba. Baƙon da ba ka san inda yake kwana ba, ba ka da inda za ka same shi ranar da abu ya faru. Ba ina cewa duk baƙo macuci ne ba. Amma in za a ba shi aiki, a sami wani dattijo a garin da zai ce shi ya tsaya masa.

Maganar jinga kuma a raba ta biyu. Aiki daban, kaya daban. A yi tsadar rushewa da kuɗi, a fayyace cewa har da kwashe ƙasa da cike rami. Azara da kwano da ƙyaure da taga naka ne, a jingine su a zaure. In yana son saye, bayan an gama aiki sarai a yi ciniki kamar yadda za a yi da kowa. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kaso mafi tsoka kuma a riƙe shi sai ranar da ba sauran bangon da ya wuce gwiwa. A rubuta, da boko ko da ajami, a gaban maigari ko liman, har da wanda zai ɗauki kuɗin asibiti in ma'aikaci ya ji ciwo. Na san za a ce wannan tsanani ne, ɗaki ɗaya har da takarda? Rubutun minti goma ne. Zaman sulhu a ƙofar maigari kuwa wani lokaci wata guda ake yi ana kai da kawo, in bai wuce can ya kai ga jandarma ba.

Sharaɗi guda kuma da ba a sassautawa: yaro ba ya shiga aikin nan. Mai amalanke yana son yara don ladansu kaɗan ne kuma ba sa musu. Yaro bai san ƙarar da bango ke yi kafin ya saki ba, bai san cewa in ƙura ta fara zubowa siririya daga tsaguwa gudu ake yi ba.

Yanzu maƙwabci. A tsoffin unguwanninmu gida jingine yake da gida, sau da yawa bango ɗaya ne ya raba ɗakinka da ɗakin wani, kuma azararsa tana cikin bangon da kake kira naka. Kakanni ne suka yi haka bisa yarda, ba wanda ya rubuta. Kafin diga ta taɓa ƙasa, ka shiga gidansa da kanka ku duba tare, ku kira maigari ya ga iyaka, a kafa alama. In akwai tsohuwar jayayya a kan fili, hukumar filaye ta ƙauye da ta gunduma, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, suna nan don irin wannan, gara a je musu bango yana tsaye da a je bayan shaidar ta zama ƙura. Haka nan gidan gado. In ba a raba ba, ɗa ɗaya ba shi da ikon rushewa don kawai shi ya turo kuɗi.

Kada kuma ka yaudari kanka cewa in abu ya faru laifin ma'aikaci ne. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke wannan. A cikin Mukhtasar na Shehu Halil an kawo hukuncin bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba: in ya faɗi ya yi ɓarna, shi zai biya. Dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ita ma mai gini ta ɗora wa alhakin ɓarnar da faɗuwar gininsa ta jawo, in rashin kula ne sanadi. Ta kowace ƙofa ka shiga, kai za a nema. Kuma kalmar “tsautsayi” da muke saurin rufe magana da ita tana da wurinta. Wanda aradu ta faɗa wa a gona, wannan tsautsayi ne. Wanda ya sa yara suka tsuguna ƙarƙashin tan takwas na ƙasa suna sassaƙe gindinta, ya nemi wani suna ya ba abin.

Akwai abubuwan da kai kaɗai ka sani, kai da tsofaffin gidan, waɗanda ko gwani ba zai gani da ido ba. Ina tsohon masai yake, wanda aka rufe da itace da ƙasa shekara ashirin da suka wuce? Ina tsohuwar rijiya? Itacen ya ruɓe tuni, amalanke mai lodi ko mutum uku a wuri ɗaya sun isa su burma shi. Ka tambayi Inna ko Kaka, su ba sa mantawa. Inda wutar Nigelec ta kai, a tabbata an cire wayar daga tushe, ba kashe makunni kawai ba, kuma wanda ya san aikin wuta ya cire. Mai faranti mai amfani da hasken rana ya sauke shi da batirinsa tun jajibere. Tsohon bango kuma gidan kunama ne da maciji, kububuwa ma tana son irin wurin, don haka ba a cusa hannu a rami, ba a aiki da silifa. Ƙusar tsohon kwano in ta soki mutum, a wanke a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus, kada a tsaya shafa toka.

Masu gidan siminti a Dutsi ko Tibiri ko Koren Mairuwa, naku ya ɗan bambanta. Dakalin kankare da rodi a ciki ba ya faɗuwa gutsure-gutsure kamar ƙasa, riƙe kansa yake yi har sai an sare abin da ke ɗauke da shi, sa'annan ya sauko gaba ɗaya kamar murfi. Wannan ba aikin lebura da guduma ba ne, a nemi wanda ya karanci gini, a kuma sanar da ofishin magajin gari. In wani ya ce zai kawo maka katafila da dare daga wani wurin aiki, ya ture maka gidan cikin rabin awa, ka tuna girgizarta ba ta san iyakar gidanka ba, kuma direban da ya sato lokacin ubangidansa ba zai tsaya jiran a duba bangon maƙwabta ba. In rufin irin tsohon farantin nan ne mai launin toka, mai kama da siminti, da ake gani a wasu tsoffin gine-gine, a kula. Da yawa irinsa akwai asbestos a ciki, wanda Faransa ta haramta tun 1997 saboda ƙurarsa na jawo sankarar huhu bayan shekaru. A jiƙa shi, a kwance shi ɗungurungum, kada a fasa, kada a ba yara gutsurensa.

Maganar mai amalanke ta fi shafar gidajen da maigida ba ya nan. Maza da yawa na Arewa suna Legas ko Kwatano ko Abijan ko Libiya. Mutum zai turo kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, ya bugo waya ya ce a rushe ɗakin nan a sake shi kafin ya dawo. Aikin ya faɗa hannun uwargida ko tsohuwa, mai amalanke kuwa ya fi son haka, ya san mace ba za ta tsaya tana ja da baƙon namiji a ƙofar gida ba. Ƴar'uwa, ba dole ki yi ciniki da shi ba. Ki aika a kira miki wan maigidan ko kawunki, ki ce ba a taɓa ɗakin sai yana tsaye. Kai kuma da ke can, kafin ka tura kuɗin, ka faɗi sunan wanda ka wakilta, ka yi magana da maƙwabcinka da bakinka.

Ranar aikin, a ja igiya ko a kafa ƙaya nesa da bangon, ninki biyu na tsayinsa, ta ciki da ta waje, har lungun da mutane ke bi. A sa babban mutum ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallon bango da korar yara. A kwance dabbobi a kai su wani gida. Maƙwabcin da ke bayan bangon ya fitar da iyalinsa daga wannan sashe har a gama, ko da zai yi gunaguni. Bayan ma'aikata sun tashi ma ba a gama ba, don kango yana kiran mutane. A Kano, lokacin rusau na watan Yuni 2023, jama'a sun yi ta rububin rodi da ƙofofi a gine-ginen da aka rushe rabi, har sauran ginin ya rufta wa wasu. A ƙauye ba rodi, amma akwai guntun itacen girki, akwai tsohuwar ƙasar da mata ke ɗiba don taki, akwai yara masu neman ƙadangare.

In kuwa, Allah ya kiyaye, ƙasa ta danne mutum, minti kaɗan ake da shi, kuma masu kashe gobara ba a bayan gida suke ba. A fara duba abin da ya rage a tsaye, kada masu ceto su zama na biyu. A yi tsit a saurara. Kada taro ya hau kan tarin, nauyinku a kan ƙirjinsa yake sauka. Da an kusa inda yake a ajiye diga a koma hannu da ƙwarya. A fara buɗe fuska da ƙirji, a share masa baki da hanci. Kada a fizgo shi ta hannu ko ta ƙafa, a tone shi har ya fita. A ɗora shi a kan ƙyaure a miƙe, wuyansa da bayansa kada su lanƙwashe. Ko ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, in ya daɗe a danne a kai shi asibiti a ranar, domin naman da ya murƙushe yana iya lalata ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abu na ƙarshe da za ka gaya wa wanda ka ba aikin, tun ranar jinga, a gaban shaidu: ba a zare azarar ɗaki sai in za a iya sauke bangonsa a yinin. In rana ta yi kuma ba a gama ba, a sauke abin da ya rage zuwa ƙasa da ƙugu kafin kowa ya wanke hannu, ko da za a kai Magariba, ko da sai an ƙara masa kuɗin fitila. In ya ce yau kasuwa ce yana sauri, a bar rufin yadda yake da gwafarsa, a sa kwaɗo a ƙofar, a dawo jibi.